RA'AYINMU: AKWATIN NAMU NE, AMMA WA KE JUYA SHI?

Duk ɗalibin da ya yi hutunsa a gida, ya bi hanyar nan da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Kware da Gwadabawa ta dire a Illela, babu shakka ya ga abin da muka gani. A wannan gari na bakin iyaka, wanda kasuwarsa ta ranar Lahadi ta yi suna wajen shanu da raƙuma da hatsi, yanzu ba a rasa shagon da aka jingine manyan kwalaye na talbijin irin na zamani, mai faɗi marar ƙeya, wanda ake maƙalawa a bango kamar allo. Shi ne muke kira talbijin mai ƙwaƙwalwa, domin kuwa a cikinsa akwai 'yar kwamfuta wadda ke iya shiga intanet, ta kuma karanta duk abin da aka zura mata. Ya shiga kayan ɗakin amare, ya shiga zaurukan attajirai, ya shiga gidajen kallon ƙwallo. Mun ga ya wajaba wannan mujalla ta ce wani abu a kansa, saboda wani abin takaici da ya faru a gaban idon ɗaya daga cikinmu.

Ga yadda abin ya kasance. Iyali ne suka taru bayan sallar isha'i domin su kalli bidiyon bikin wata 'yarsu da aka yi shekarun baya. A cikin bidiyon akwai wurin da kakarsu, wadda Allah Ya yi wa rasuwa daga baya, ta zauna tana yi wa amarya nasiha, tana ambaton sunayen kakanninsu ɗaya bayan ɗaya, da garuruwan da suka fito. Bidiyon yana cikin wani ɗan filash, kuma babu shi a ko'ina sai nan. Da aka soka filash ɗin a bayan akwatin, sai wani rubutu ya fito da Turanci yana tambaya ko a mai da shi ma'ajin akwatin. Yaron da ke riƙe da rimot, da yake ya ƙosa a fara kallo, sai ya danna amincewa. Kafin a ce kwabo akwatin ya share filash ɗin tas. Shiru ya rufe ɗakin. Can sai maigidan ya dubi ɗan'uwanmu ya ce, "To, ku 'yan boko, wanga akwati ya cinye muryar Inna kuna zaune. Ina amfanin karatun naku?"

Wannan tambaya ta dattijo ita ce muke so mu amsa, domin ba ɗan'uwanmu kaɗai aka yi wa ita ba, dukanmu aka yi wa.

Kafin mu amsa, ya kyautu mu waiwayi baya kaɗan. Talbijin ya fara aiki a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ya iso Kaduna cikin 1962, sa'an nan a 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wato NTA. A wancan zamani mai akwati ba shi da ta cewa. Tasha ke buɗewa da yamma, ita ke rufewa da dare, abin da ta ga dama shi za a kalla. Mutanen bakin iyaka ma suna da tasu matsalar ta daban, domin Nijeriya ta bi tsarin launi da ake kira PAL, Nijar kuwa ta bi na Faransa, wato SECAM, saboda haka akwatin da aka ƙera don tsari ɗaya ba ya nuna launin ɗayan. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma na'ura ta raba su. Daga baya bidiyo mai kaset ya shigo, har ya haifar da fina-finan Hausa, waɗanda ake ƙirga farkonsu daga Turmin Danya da aka yi a Kano cikin 1990. Bayan kaset sai faifai, bayan faifai sai katin memori da filash.

To, yau an wayi gari mai akwati shi ne tasha. Abin da ya ɗauka da wayarsa, ko walimar saukar karatun ɗansa, ko hawan salla, ko tafsirin malaminsa na watan azumi, ko waƙoƙin Narambaɗa da Ɗankwairo da ya tara, duk yana iya sa su a babban allo iyalinsa su kalla tare. Wannan iko ne wanda iyayenmu ba su taɓa samu ba. Abin baƙin ciki shi ne, ikon ya zo hannunmu amma ba mu koyi riƙe shi ba. Mun sayi doki mun bar linzami a kasuwa.

Wataƙila wani zai ce, ai zamanin ajiye bidiyo a filash ya wuce, tun da ga YouTube ga sauran wuraren kallo a intanet. Wanda ya faɗi haka bai san Illela ba. Kallon bidiyo a intanet cin data ne da shi kamar gara, ga shi kuwa a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗinsu da kashi 50 cikin 100. Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga. Haka kuma iyakar nan ta Illela an rufe ta daga Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, aka sake rufe ta a Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ba a ba da umurnin buɗe ta ba sai a Maris na 2024. A irin waɗannan lokuta, an yi aure da suna da jana'iza a tsallaken iyaka waɗanda dangi na kusa ba su samu halarta ba, sai dai hoto da bidiyo su iso musu daga baya. Darasin a fili yake: abin da ke hannunka shi ne naka, abin da ke can cikin intanet kuwa kayan aro ne, ranar da layi ya ɗauke ko kuɗi suka ƙare, sai mai abu ya karɓe abinsa.

Saboda haka sanin yadda ake sarrafa akwatin nan ba wasan yara ba ne. Mun lura jahilcinmu game da shi kashi uku ne.

Na farko shi ne rashin sanin dalilin da ya sa bidiyo kan ƙi buɗewa. Sau da yawa akan soka filash akwatin ya ce bai gane shi ba, sai a yanke hukunci cewa filash ɗin ya lalace, a jefar, ko a kai wa mai gyara ya share. Alhali kuwa sau tari lafiyarsa lau. Kowane filash yana da tsarin da aka jera kayan cikinsa a kai, kuma ba kowane tsari kowane akwati ke karantawa ba. Tsohon tsarin da ake kira FAT32 kusan duk akwatuna sun san shi, sai dai ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4, don haka dogon bidiyon biki kan ƙi shiga. Tsarin exFAT da NTFS suna ɗaukar manyan fayiloli, amma wani akwatin ya san ɗaya bai san ɗayan ba. Har ila yau, sunan da ake gani a ƙarshen fayil, kamar MP4 ko MKV, mazubi ne kawai, kamar ƙwarya. Abin da ke cikin ƙwaryar yana iya zama fura ko kunu. Sababbin wayoyi da yawa suna matse bidiyo da dabarar da ake kira H.265, wadda tsofaffin akwatuna ba su iya warwarewa, alhali suna iya warware H.264. Shi ya sa wani lokaci a ji murya babu hoto, ko a ga hoto babu murya. Maganin abin shi ne a juya fayil ɗin a kwamfuta zuwa tsarin da akwatin ya sani, a kuma bar na asalin yadda yake. Doka ɗaya kuwa ya kamata a koya wa kowane yaro a gida: duk lokacin da akwati ya nemi izinin shirya filash ko mai da shi ma'ajinsa, amsar ita ce a'a, domin shiryawar nan sharewa ce.

Na biyu shi ne barin akwati a saitin da ya zo da shi daga kanti. Masu ƙera shi sukan ƙure haskensa da launinsa domin ya ɗauki idon mai saye a tsakanin 'yan'uwansa. In aka kawo shi ɗaki aka bar shi haka, sai ya riƙa gajiyar da ido, yana sauya launin fatar mutane, yana kuma shan wuta fiye da kima. A garin da gidaje da yawa suka dogara ga sola da batir ko janareta, rage hasken bayan allo kaɗai yana iya ƙara tsawon lokacin kallo. Akwai kuma batun faɗin hoto. Bidiyon da aka ɗauka a zamanin kaset, ma'auninsa 4 ne a kwance 3 a tsaye, allon yanzu kuwa 16 ne a kwance 9 a tsaye. In ba a gyara saiti ba, sai akwatin ya ja hoton ya cika allo, a ga dattijo siriri ya koma gajere mai ƙiba. Ya fi kyau a haƙura da baƙin fili a gefe biyu, a ga mutum kamar yadda Allah Ya halicce shi. Mafi yawan akwatunan da muka gani saitinsu da Turanci yake, waɗanda suka biyo ta Ƙonni kuma wani lokaci da Faransanci, don haka iyayenmu ke tsoron taɓa shi. Mu da muka yi shekaru muna koyon waɗannan harsuna, wane uzuri gare mu?

Na uku, wanda ya fi sauran haɗari, shi ne rashin sanin cewa akwatin da muke kallo shi ma yana iya kallonmu. Ba zato muke yi ba. A watan Fabrairu na 2017, kamfanin Vizio ya amince ya biya dala miliyan 2.2 bayan hukumar kula da ciniki ta Amurka da Jihar New Jersey sun tuhume shi da tattara bayanin abin da ake kallo a akwatuna miliyan 11 ba tare da yardar masu su ba. Dabarar ita ce akwatin ya riƙa ɗaukar samfurin abin da ke kan allo, ya aika can a gwada a gane ko mene ne, sa'an nan a yi amfani da bayanin wajen talla. Manyan kamfanoni da dama suna sa irin wannan dabara a akwatunansu, kuma ana iya kashe ta a sashen sirri na saiti. Galibi ranar da aka fara kunna akwati ake neman yardar mai shi, a cikin dogon rubutun da ba wanda ke karantawa. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma doka ba za ta shigo ɗakin Gwaggo ta danna mata rimot ba. Wanda kuma ba ya bukatar intanet a akwatinsa, to kada ma ya haɗa shi. Filash zai yi aiki ba tare da shi ba.

Sirri kuma ba daga kamfanonin ƙetare kaɗai ake tsare shi ba. Bidiyon kamu da na wankan amarya da na zaman mata a cikin gida, amana ce. In aka miƙa waya ko katin memori ga mai tura fina-finai a bakin kasuwa, an miƙa masa duk abin da ke ciki. Ba mu ce dukansu maciya amana ne ba, akasarinsu matasa ne masu neman halalinsu, amma kwamfutar da ke karɓar katin mutum ɗari a yini ba wurin ajiye mutuncin gida ba ce. A ware kati ɗaya na kasuwa, a ware wani na iyali wanda ba ya fita ƙofar gida. Haka nan mai haska hoton wayarsa a kan allo ba tare da igiya ba, ya tabbata akwatin gidansu ya zaɓa, ba na maƙwabta ba. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

Sai dai duk wannan gyare-gyare ba zai amfana kome ba idan abin da za a kalla ɗin ya salwanta. Nan ne muka zo ga zuciyar maganarmu. Jama'a da yawa sun ɗauka filash rumbu ne, abin da aka zuba a ciki ya zauna ke nan har abada. Ba haka ba ne. Filash da katin memori suna riƙe bayani ne da ɗan cajin lantarki, wanda kan zurare a hankali in an daɗe ba a yi amfani da su ba, zafi kuma yana gaggauta zurarewar. Kowa ya san zafin bazarar ƙasar Sakkwato, inda ma'auni kan haura digiri 40. Ga kuma katunan jabu da suka cika kasuwanni, waɗanda ke nuna girman da ba su da shi, sai an cika su a tarar sabon abu ya hau kan tsoho ya lalata shi. Kaset ɗin bidiyo da ke jibge a ƙarƙashin gadajen iyayenmu su ma kwanansu ya kusa ƙarewa, domin zarensu yana lalacewa, kuma kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kunna su, wato Funai na Japan, ya daina tun 2016. Kowace shekara na'urorin da suka rage suna raguwa.

Abin mamaki shi ne, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin maganin wannan ciwo. Ƙasar Ƙonni da ke tsallaken iyakar Illela, nan ne kakannin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka zauna, kuma a Maratta ta wannan yanki aka haife shi cikin 1754. Littattafan da Shehu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da 'yarsa Nana Asma'u suka wallafa, a kan takarda suka rubuta su, takardar da gara ke ci, ruwa ke jiƙawa, wuta ke ƙonewa. Me ya sa suka iso gare mu bayan shekara 200? Domin almajirai sun yi ta kwafe su da hannu, kowa ya kai nasa garinsu, in na wannan gida ya ƙone na wancan yana nan. Bugu da ƙari, sau da yawa mai kwafe littafi yakan rubuta a ƙarshensa sunan littafin da sunan mai shi da nasa sunan, wani lokaci har da ranar da ya gama. Waɗannan dabaru biyu, wato yawaita kwafi da rubuta bayani, su ne har gobe masana ajiyar kayan tarihi ke bi. Kakanninmu sun yi da tawada da alƙalamin kara. Mu da muke iya kwafe bidiyon awa biyu kafin shayi ya huce, mun kasa.

Dubi yadda fayilolinmu suke. Sunansu jerin lambobi ne da waya ta laƙa musu, babu wanda ya san bikin wa ne, ko a wace shekara, ko wace ce tsohuwar da ke magana. Yau akwai mai iya faɗa. Nan da shekara 30 jikokinmu za su kalli fuskokin kakanninsu kamar baƙi.

Kada a fahimce mu a karkace. Kiran da muke yi na a yawaita kwafi ya shafi abin da yake namu ne, ba guminsu wasu ba. Kowa ya ga yadda tura fina-finai barkatai ya taimaka wajen durƙusar da cinikin faifai a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, ya bar masu shirya fim da mawaƙa suna kuka. Ɗalibin da ke ƙorafin an sace masa rubutu bai kamata ya zama mai raba aikin wani kyauta ba. Abin da muke magana a kai shi ne muryar kaka, da karatun mahaifi, da kiɗan noma na ƙauyenmu, da kokawar da aka yi bayan girbi, abubuwan da babu wani kamfani a duniya da zai ajiye mana su in mu ba mu ajiye ba.

Don haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai, maza da mata, musamman 'yan Illela da Gwadabawa da Gada da Tangaza da sauran garuruwan iyaka, cewa hutu mai zuwa kowa ya ware yini biyu ya yi wa gidansu wannan hidima. A tattara kaset da faifai da katunan da ke gida. A kwafe abin da ke cikinsu a wuri uku: ɗaya a kwamfuta ko babban ma'aji, ɗaya a filash na kallo, ɗaya kuma a kai gidan wani ɗan'uwa a wani gari, ko da a tsallaken iyaka ne. A ba kowane fayil suna da Hausa, da shekara da gari da sunan taron. A sami littafi na takarda a rubuta sunayen mutanen da ke ciki, a zauna da Inna ko Baba su faɗa tun suna da rai. A riƙa duba kwafin nan ana sabunta shi lokaci lokaci. Sa'an nan a zauna gaban akwatin a gyara haskensa da faɗin hotonsa, a kashe abin da ke leƙen asirin gida, a kuma koya wa iyaye mata da ƙanne yadda ake yi, domin su ne ke tare da shi in mun komo makaranta.

Muna kuma kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ɗauki wannan a matsayin aikin gayya. 'Yan sashen kimiyyar kwamfuta su haɗa kai da 'yan sashen harsunan Nijeriya su fito da ɗan littafi da Hausa, na boko da na ajami, mai bayanin saitin akwatin nan dalla-dalla, a raba a garuruwa. 'Yan sashen tarihi kuma su taimaka wajen tantance abin da ya shafi jama'a baki ɗaya, kamar naɗin sarauta da waƙoƙin makaɗan da suka shuɗe, domin in masu shi sun yarda a miƙa kwafinsa ga wuraren ajiya irin su Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna. Wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Abin da yake bukata shi ne kishi.

Muryar tsohuwar nan ta Illela ta tafi, sai dai mu yi mata addu'a Allah Ya jiƙanta. Amma a gidaje dubbai akwai irinta da ke nan cikin kaset mai ƙura ko ɗan kati a ƙasan adaka, suna jiran ko dai mai ceto ko kuwa yaro mai rimot. Jama'ar da suka biya kuɗin karatunmu suna da haƙƙin su tambaye mu amfaninsa, kamar yadda dattijon nan ya tambaya. Muna fata in hutu ya zagayo, kowannenmu zai sami amsar da zai ba shi. Allah Ya sa mu dace, amin.